Inda Aka Kai Muryar Zinariya

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Baba Kailani ya shiga shagon jikarsa Rauda a Tudun Wada yadda ya saba shiga, da gyaran murya da buga sanda. Ya wuce injin hoto, ya ɗaga labule, ya zauna a kujerarsa ta roba, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Amarya, kunna mini ita."

Rauda ba ta rama ba. Yarinyar da kullum take ce masa tsohon ango mai haƙori uku, yau ta tsaya gaban kwamfuta tana murza gefen mayafinta.

"Baba, babu ita."

"Babu wa?"

"Muryar Inna. An ɗauke."

Baba Kailani ba mutum ne da ake girgizawa da magana ba. Tsohon direba ne, shi ne motar gyaɗa ta kife da shi a gadar Kubanni, aka fito da buhuna, aka fito da gawar yaron mota, shi kuwa ya fito da ƙafarsa yana tambayar ina hularsa. Kwalara ta shiga layinsu ta kwashe na kwashewa, ta zo kansa ta ga ba riba. Aji bai taɓa shiga ba sai sau ɗaya, shi ma fakewa ruwa ya yi. Amma da ya ji maganar nan, hular da ke gwiwarsa ta zame ta faɗi, bai duƙa ya ɗauka ba.

Zinariya matarsa ce. Ta rasu damina uku da suka wuce. Shekarun baya wata malamar jami'a daga Kongo, nan Zariya, Malama Sakinatu, ta riƙa zuwa gidan tana ɗaukar waƙoƙin daka da na niƙa a bakinta, har da hira. Kaset-kaset ɗin da ta ɗauka ruwa ya ci su a ɗakin Malamar. Abin da ya tsira shi ne wanda ta zuba a wata tsohuwar kwamfutarta da ta bar wa gidan, cikin wata manhaja ta da, wadda ba ta yarda ta buɗe a kwamfutocin yanzu. Da tsohuwar kwamfutar ta fara shure-shuren mutuwa, Rauda ta kwashe ta ɗungurungum ta zaunar da ita a cikin sabuwar kwamfutar shago. Kwamfuta a cikin kwamfuta. Duk Juma'a sai a tashe ta, Zinariya ta yi dariya, ta buga taɓarya, ta yi waƙa, Baba Kailani yana zaune ido rufe. Kuma shi ya kafa doka: ba za a kwafa wa kowa ba. Muryar matarsa ba za ta shiga wayar 'yan acaɓa ba. Saboda haka guda ɗaya ce tak a duniya.

"An fasa ƙofa?"

"A'a."

"An ɗauki wani abu ban da ita?"

"Ko biro. Baba, mu je wajen 'yan sanda."

"In ce musu me? An sace mini murya? Su ce to da me nake magana? Zauna. Faɗa mini yadda abin yake zaune a ciki. A hankali, kamar kina gaya wa miji mai hankali."

Rauda ta share ido. "Tsohuwar kwamfutar yanzu ba ƙarfe ba ce, fayil biyu ce. Akwai babba, shi ne cikinta gaba ɗaya, har da muryar Inna. Akwai ƙarami, ɗan mitsitsi, rubutu ne kawai. Shi ke riƙe da saiti: sunanta, yawan ƙwaƙwalwar da za a ara mata, ko tana da lasifika, da kuma inda babban yake ajiye. In na danna, manhajar ƙaramin take fara karantawa, shi zai nuna mata hanya."

"Wato babban shi ne lodi, ƙaramin takardar lodi."

"Kusan haka. To ƙaramin yana nan. Babban ne babu."

"Jiya wa ya shigo?"

"Na tafi suna Hanwa bayan azahar, na bar wa Mujahid shagon. Ya ce Malama Sakinatu ta zo neman ka." Ta gyara mayafi. "Sai Kawu da ya zo hoton takardun fansho, ya jira ni bai same ni ba. Amma shi ai Kawu ne."

Baba Kailani ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta, ya fita.

Mujahid yana rumfar da ke manne da shagon, ƙato mai tumbi, sana'arsa tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya. Ya taɓa cewa in aka ba shi waƙoƙin Inna, cikin mako guda duk Zariya za ta ɗauka.

"Baba mai ran ƙarfe! Yau amaryar ta kore ka da wuri?"

"Jiya ka shiga bayan labule?"

"Na leƙa na kunna fanka."

"Ka taɓa kwamfutar?"

"Wallahi ko ƙurarta ban share ba."

"Ka bar shagon?"

Mujahid ya sosa ƙeya. "Na je la'asar. Daga nan na tsaya wajen mai masara, ruwa ya tsare ni. Amma ban bar shi ba kowa ba, Kawun Rauda yana ciki yana jira."

"In kai ne kake son waƙar da ke kwamfutar wani, yaya za ka yi?"

"Baba, tarko kake ɗana mini?"

"Amsa."

"In kwafa mana. Tasa tana nan, tawa tana aljihu. Har ya mutu ba zai sani ba."

"Kana da ilimin sata, Allah Ya shirye ka."

"Amin, tare da masu tambaya."

Daga nan Baba Kailani ya tari Keke Napep zuwa Kongo. Ya tarar da Malama Sakinatu a barandar gidanta, gilashi a kan hanci, tana gyaran takardun ɗalibai. Ta sauko daga kujera ta gaishe shi. Da ta ji abin da ya faru, ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Malama, jiya me ya kai ki shagon?"

"Roƙo, Baba. Wanda na saba. Littafina ya tsaya saboda waƙoƙin Hajiya."

"Na hana ki sau nawa?"

"Na daina ƙirgawa."

"Wanda aka hana da baki yakan ɗauka da hannu."

"Yakan yi. Amma da ni ce, da biyun zan ɗauka, babba da ƙarami, in bar muku naku yadda yake. Babban shi kaɗai ba ya magana, Baba. Sai da ƙaramin, sai da manhajar da ke tashin sa. Wanda bai san aikin ba, ko kwana ya yi yana dannawa, ba abin da zai ji."

Baba Kailani ya gyara zama. Wannan magana ta shige shi.

"Ban da ni da ke, wa ya san abin da ke ƙarshen hirar nan? Ƙarshe can, bayan waƙar niƙa."

Malama ta cire gilashinta. "Ranar addu'ar bakwai wani mutum ya rako ni bakin titi. Mai furfura, mai yawan shiru. Ya tambaye ni ko marigayiya ta yi zancen 'ya'yanta. Na gaya masa abin da na ji. Ya juya ya tafi. Ban san ko wane ne ba, maza sun yi yawa ranar."

"Allah Ya ba ki lada," in ji Baba Kailani, ya miƙe. Ta bi shi da kallo, ba ta gane ladan me ba.

A hanyar komawa hadari ya haɗu ta gabas. Mai Keke yana ta surutun tsadar mai, Baba Kailani bai ji ba. Yana ƙoƙarin tuno yadda Zinariya take jan ƙarshen waƙar niƙa, inda muryarta take ɗan karyewa kafin ta yi dariya. Ya nema a kansa, ya samu rabi. Mutumin da ya haddace kowane rami daga Zariya zuwa Funtuwa, ga shi dariyar matarsa tana zame masa tun ba a kwana ba. Nan ne tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba a ƙarƙashin gadar Kubanni.

Ya tarar da Rauda ta rufe rabin ƙofa tana zaune a duhu.

"Kunna fitila. Karanta mini takardar lodin."

"Baba, saiti ne kawai. Ba za ka gane ba."

"Na yi shekara talatin ina kai kaya da takardar da ban iya karantawa ba, ban taɓa sauke na Gusau a Sakkwato ba. Karanta, ki fassara."

Ta buɗe ƙaramin fayil, ta bi shi layi-layi. Suna: Tsohuwar Malama. Ƙwaƙwalwa: kaza. Lasifika: akwai. Ta zo wani layi ta tsaya, ta matso da fuskarta.

"Wannan ba ni na sa ba."

"Me ya ce?"

"Adireshin babban fayil. Da, yana nuna cikin kwamfutar nan. Yanzu yana nuna waje, filashin da aka soka a gefe. Da safe ruɗewa ta sa ban duba ba, wurin da na saba ajiye shi kawai na leƙa." Ta fara magana da sauri. "Na gane! Mutumin ya ɗauke fayil ɗin ya kai filashinsa, sannan ya danna don ya ji. Manhajar ta nemi babban ta rasa, ta tambaye shi ina yake. Ya nuna mata. Ita kuwa duk abin da aka nuna mata sai ta rubuta a ƙaramin, ba ta mantuwa."

"Mai gaskiya ce. Ina ya ce ya kai?"

"Cikin wata folda da ya buɗe. Ya sa mata suna." Ta karanta. "Yaya."

Baba Kailani bai motsa ba.

"Mujahid ne!" in ji Rauda. "Yana da wa a Kaduna mai harkar waƙa, kullum Yaya kaza, Yaya kaza. Bari in je in..."

"Zauna, amarya. In kika buɗe jaka don ki zuba gero, sunan wa kike sa mata? Na maƙwabci, ko na geron?"

"Na geron."

"To."

Ya zauna yana kallon kalmar da bai iya karantawa ba, haruffa huɗu a kan gilashi, har aka kira magariba.

Washegari da hantsi ya ce ta rufe shago ta raka shi Hanwa. Suka tsaya a wani gida mai bishiyar mangwaro a ƙofa, gidan Malam Jamaluddeen, tsohon akawu da ya yi ritaya, wan mahaifiyar Rauda, ɗan farin Baba Kailani da Zinariya. Rauda ta san Kawunta mutum ne mai shiru. Ta san in ya zo gaisuwar Sallah a zaure yake tsayawa, Inna ta aiko masa da tuwo ba tare da ta fito ba. Ba ta taɓa tambayar dalili ba, haka ta taso ta gani.

Suka same shi a falo, kwamfutar 'yarsa a buɗe a gabansa, idanunsa jajur. Ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Baba, barka da hantsi. Da an aiko na zo."

"Kai," in ji Baba Kailani. Haka yake kiransa tun yana cikin zane. "Ta yi maka magana?"

Malam Jamaluddeen ya sunkuyar da kai.

"Ba za ta yi ba. Ka ɗauko lodi ka bar takarda."

"Baba, me kake cewa?" in ji Rauda. "Kawu ne fa."

"Saurara ki ƙaru, ba kullum ake samun irina ba." Ya zauna, ya kafa sanda tsakanin ƙafafunsa. "Mutum uku suka shiga. Mujahid ɓarawon waƙa ne na gaske, da shi ne da kwafa zai yi, mu yi ta zama ba mu sani ba. Malama ta san babba ba ya tashi sai da ƙarami, da ita ce da biyun za ta ɗauka. Wanda ya yi wannan ya iya kwamfuta irin iyawar ofis, ta ɗauke takarda daga nan a kai can. Kuma ba sayarwa zai yi ba. Mai sayarwa ba ya tsayawa a shagon mutane yana neman ya ji, alhali mai gadi ya tafi sayen masara. Wannan ƙishi ne ya zaunar da shi."

Ya juya ga Rauda.

"Sai sunan. Ku jikoki da iyayenku Inna kuke ce mata. Unguwa ta ce Hajiya. Ni abin da nake ce mata ba ruwanki. Yaya kuwa, ƙannenta ne ke faɗa, can Dutsen Abba, kuma duk ƙasa ta rufe su. Saura mutum ɗaya. Ɗan fari ne, kunya ta hana ta riƙe shi. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke, ya tashi cikin ƙannen uwarsa, ya ji suna cewa Yaya, shi ma ya ce Yaya. Ya yi wayo kafin ya san ita ta haife shi. Bakinsa bai taɓa komawa ba."

Can Malam Jamaluddeen ya sa hannu a aljihun gaba, ya fito da ɗan filashi baƙi, bai kai ɗan yatsa ba. Ya riƙe shi da hannu biyu.

"Kwafa na yi niyya, Baba. Wallahi kwafa. Hannuna ya danna abin da ya saba dannawa a ofis. Da manhajar ta tambaye ni ina fayil ɗin yake, sannan na gane na kwashe shi duka. Na nuna mata, ta fara tashi, sai na ji muryar Mujahid a waje. Na kashe, na zare." Ya juya filashin a hannu. "Da safe na so in mayar. Na kasa. Ban taɓa samun ta a ɗakina ba, ko da ba ta magana."

"Me ya hana ka tambaya?"

"Na ga an hana Malama mai digiri. Kuma da wane baki zan ce maka ina son in ji..." Bai ƙarasa ba. "Shekarata hamsin da bakwai. Ta kira akuyar gidanmu da suna. Ta kira almajirai da suna. Ni ban taɓa ji ba. Malamar ta ce akwai wurin da ta faɗa."

Rauda ta juya fuska ga bango. Baba Kailani ya dubi filashin, ya dubi furfurar da ke kan ɗansa, wadda ta kusa kamo tasa.

"Tashi ka sa hula. Kaya ba sa sauka sai inda takardarsu take."

A shago Rauda ta soka filashin da bismilla. Ta mayar da babban fayil mazauninsa, ta buɗe ƙaramin ta gyara adireshin, ta danna. Tsohuwar kwamfuta ta buɗe ido a cikin sabuwa, a hankali, kamar mai tashi daga zazzaɓi. Sai ga taɓarya. Sai ga kaji. Sai ga Zinariya tana cewa, "Malama, wannan abin naki yana ji na kuwa?"

Baba Kailani ya rufe ido. Ga karyewar muryar nan a ƙarshen waƙar niƙa, ga dariyar, cif yadda take. Malam Jamaluddeen yana tsaye a bakin labule, bai yarda ya zauna ba.

Muryar Malama ta tambayi sunayen 'ya'ya.

"Akwai Ishatu, akwai Ahmadu, akwai Zinatu, auta."

"Na farkon fa, Hajiya?"

"Ke Malama! Wannan ai ba a faɗa."

Nan ne Baba Kailani yake ɗaga hannu duk Juma'a a kashe. Sau ɗaya ya taɓa jin abin da ke gaba, ya ce sirrin matarsa ne, shi zai tsare mata. Rauda ta kai yatsa ta jira. Hannun bai ɗagu ba.

Aka ji Malama ta ce bari ta yi alwala. Takunta ya yi nisa. Kaset ya ci gaba da juyawa, ba wanda ya tuna da shi. Tsintsiya ta ɗan yi motsi, ta tsaya. Sannan muryar ta dawo, ƙasa-ƙasa, irin ta mai magana da kanta.

"Jamalu." Shiru. "Jamaluddeen. Ai ni na zaɓa, na raɗa wa babansa. Ko ya ci abinci yau, oho."

Malam Jamaluddeen ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa. Kafaɗunsa suna rawa, ba sauti.

Baba Kailani ya ce hayaƙin janaretan Mujahid ya cika shiga ido, ya kamata hukuma ta duba. Ya goge da hannun riga. Ya buga sanda.

"Amarya, ki yi masa nasa. Babba da ƙarami, ki sa masa a kwamfutar 'yarsa, ki nuna masa inda ake dannawa. Kwafa na ce, ba kwashewa ba. A gidan nan ɓarawo ɗaya ya isa."

Rauda ta ja majina, ta buɗe sabuwar folda. Ta dube shi ta gefen ido.

"Wane suna zan sa wa mai kayan, ango?"

Baba Kailani ya buɗe baki. Mutumin da mota ta kasa, kwalara ta kasa, ya tsaya da harafin farko a kan harshe, ya juya shi, ya auna nauyinsa. Ɗansa ya sauke hular daga fuska yana kallonsa.

Ya yi tari.

"Ke kurma ce? Ai kin ji ta faɗa. Matsa masa kujera, ki mayar da shi baya mu sake ji."